Ni da dinya a bakin fadama

Ni dai sana'ata shinkafa ce, amma ba irin ta manyan nan masu tarakta ba. Eka shida gare ni a fadama ta wajen Kiri Kasamma, da ɗan injin casa guda ɗaya, da yara huɗu da muke fama tare, sai matan unguwa da nake kai wa su turara min. Abin da ya fi kawo min kuɗi da rani kuwa iri ne, ina yafa Faro 44 wadda mu nan sifi muke ce mata, in ya yi kwana 21 a fangali masu dashe su zo su saya.

Duk wanda ka yi wa maganar ɓarnar tsuntsu a ƙasar Hadeja janbaki zai fara kira maka, kuma da gaskiyarsa. Tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa kamar da, kachalla ta cinye hanyoyin ruwa, janbaki ya samu gidan kwana kyauta. To amma shi da rana yake zuwa, kana hango shi kamar hayaƙi, kuma sai shinkafa ta fara ƙwaya. Dinya fa? Ita tsakanin dare da asuba take aikinta, lokacin da sanyi ya sa kowa ya duƙunƙune a bargo, kuma ɗanyen iri take so, wato jarina kenan.

Ba zan manta da wata safiya ba a hunturun da ya biyo bayan ambaliyar 2022, lokacin ma ko farfaɗowa ba mu yi ba. Na idar da sallah na leƙa fangali, wallahi sai da na tsuguna. Kamar an bi da almakashi, wanda ba ta datse ba ta tuge shi yana yawo a kan ruwa, ga sawunta nan a taɓo ya kusa tafin hannuna, ga kashi kore ko'ina. Fangali biyar a dare ɗaya, alhali mutum uku sun riga sun ba ni kafin alƙalami. Haka na bi su gida-gida ina mayar musu da kuɗi ina ba da haƙuri, ɗaya daga ciki har yau bai sake sayen iri a wajena ba.

Wanda bai taɓa ganinta kusa ba zai ɗauka agwagwa ce babba. Ina! Baƙa ce mai farin ciki da jan baki, namijin yakan wuce kilo biyar, kuma tana da wani abu mai tsini a gaɓar fiffike kamar ƙaho. Wani yarona ya taɓa cafke mai rauni ɗaya, ta make shi da shi a dantse, sati guda yana nuna wa mutane wajen.

Babu abin da ban gwada ba. Mutum-mutumi na yi har da tsohuwar babbar rigata da hula, kwana uku suka ji tsoronsa, a na huɗu a gindinsa suka yi kiwo. Gwangwani a igiya sai da mai ja, mai jan kuma ɗan Adam ne, barci zai ɗauke shi. Fitila mai sola ita ma sabawa suka yi da ita.

Wani maƙwabcin gonata shi ya yanke shawarar jiƙa shanshera da maganin ƙwari ya watsa a bakin ruwa. Dinya biyu ta mutu, sai balbela ba adadi, sai agwagin uwargidata guda bakwai da suka saba gangarawa can, kuma abin da ya fi tayar min da hankali wasu yara sun tsinci mushen har sun fara figa, Allah ne ya kawo wani dattijo ya gani. Maganar sai da ta kai gaban mai unguwa. Ga shi kuma muna maƙwabtaka da gandun tsuntsaye na Baturiya, wanda tun 2008 yana cikin dausayoyin da duniya ta amince a kare, tsuntsaye har daga Turai suke zuwa su yi hunturu a nan, in ka ɗauko bindiga kai da ma'aikatan gandun daji ne.

Kawuna ne ya warware min, yana zaune yana gyaran koma. Ya ce, "Kai yaro, ka kai abinci ƙofar ɗakinta sannan kana jin haushi ta ci? Mu a fadamar nan muka tarar da ita." Na ce to kawu ya zan yi. Ya ce in lura da yadda take sauka, jikinta da nauyi, sai ta samu fili.

Sai na ɗauke gadon iri gaba ɗaya na dawo da shi bayan gida kusa da rumfar inji, na haƙa ɗan tubwel, na kafa turaku na ja igiyar leda sama da fangalin ta ko'ina kamar saƙar gizo. Can ƙasa kuma inda ruwa ke kwanciya, wajen da dama ba ya ba ni abin kirki, na daina nome shi bayan girbi, na bar musu gyauro. Sati ukun farko ina biyan yaro ɗaya ya kwana a rumfa. A littafina yanzu akwai layi guda tsakanin fetur da taki, na rubuta masa kuɗin dinya, kuma bai kai kwatan abin da na yi asara a dare ɗayan can ba.

Sai dai jawo ruwa bayan gida ya jawo min wasu baƙin. Zalɓe na nan tsaye kullum kamar mai jiran bashi, kwaɗi yake ci don haka ban kula shi. Kirinjijiya na wucewa da daddare da fito. Guza ya gano akurki, ƙwai yake sha, shi kam muna 'yar tsama, na sa waya a ƙasa amma uwargida ta ce ban yi komai ba. Shirwa kuma ta ɗauki 'yan tsaki uku a watan nan. Shamuwa da ke sheƙa a kan tsamiyarmu da damina ita ba a ma maganarta, inna ta ce duk wanda ya jefe ta ba da yawunta ba.

Yau da asuba na ƙirga dinya goma sha ɗaya a kan gyauron can. Ƙaramin yaron ya ɗauko danko ya ce, "Maigida, in kora su?" Na ce ƙyale su, je ka tayar da inji, masu dashe daga Auyo na hanya.