Awa nawa Inna za ta yi a sama?

Yau da hantsi Sani ya kawo takardun tafiyar umara daga wurin masu shirya tafiya, gida ya cika da murna, har Rabi ta rangaɗa guɗa. Inna kuwa tambaya ɗaya ta yi mini: "Kai da ka yi boko, awa nawa zan yi a sama?"

Na ce, "Inna, tsakanin filin jirgin Diori Hamani na Yamai da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kilomita kusan 4,000. Jirgin fasinja yana cin kamar kilomita 850 a awa, saboda haka idan ya miƙe kai tsaye, awa kusan biyar ne." Ta ce ai wannan bai kai zaman gidan biki ba. Sai da na buɗe tikitin na nuna mata cewa nata ba mai miƙewa ba ne: za su sauka Adis Ababa, su jira wani jirgin, sannan su ƙara kilomita kusan 1,400 zuwa Jidda. Na kuma gaya mata agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kada lokacin sauka da aka rubuta ya ruɗe ta wajen shan maganinta.

Kawu Habu ya shigo ana cikin haka, ya ƙara da cewa tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage suke kauce wa samaniyar ƙasar, kuma kowane zagaye ƙarin lokaci ne.

Abin da ya tsaya mini a rai tun azahar shi ne hanyar ƙasa. Daga nan Damagaram zuwa Yamai kilomita kusan 900 ne, ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni da Doso, kuma motar da ta tashi da asuba sai dare take isa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta wuni a kujerar mota tana nufar yamma, alhali Makka tana gabas, sannan jirgin ya ɗauko ta ya sake ratsawa ba nisa da garin da ta baro. Na auna a taswirar waya, daga nan zuwa Jidda kilomita 3,300 ne ko abin da ya yi kusa da haka, wato mun fi mutanen Yamai kusa, ga kuma filin jirgi a bakin gari. Wannan lissafin ya dame ni ƙwarai, kuma ban iya faɗa mata shi ba.

Da la'asar na je kasuwar Dole na sayo mata safa mai ɗame ƙafa da ƙaramin matashi. Na kira Yaya Hadiza na roƙe ta ta tarbe ta a tasha, kuma mun tsayar da shawara cewa Inna za ta isa Yamai kwana biyu kafin tashi domin ƙafafunta su saɓe.