Godiya ga waɗanda suka tsaya mini ranar da iska ta ɗaga rumfata

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, hankali ya dawo jiki, shi ya sa na ce bari in zauna in yi godiyar da na kasa samun bakin yi ranar Asabar. Masu kira suna jaje, ku kwantar da hankalinku, ba wanda ya ji ciwo, kaya ne kawai suka taɓu.

Ga wanda bai sani ba, sabulu da kyandir nake yi da hannuna, ina kasa su a kasuwar manoma da ke ci a fili sau ɗaya a mako. Rumfata irin ta kowa ce, tamfol mai naɗewa, mita 3 tsawo mita 3 faɗi, da buhun yashi ɗaure a kowace ƙafa kamar yadda dokar kasuwa ta tanada. Da hantsi hadari ya haɗo, kafin mu ankara iska ta shiga ta ƙarƙashi ta ɗaga tamfol ɗin. Ƙafa biyu suka tashi da buhunansu, teburi ya karkata, kwalaben kyandir suka fara gangarowa, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Godiya ta farko ga Baba mai zuma, maƙwabcina na hannun dama. Ni na ruga wajen kaya, shi kuwa ya bar nasa kwalaben ya rungume ƙafar rumfa yana cewa, "'Yata, bar kayan nan, a sauke tamfol tukuna!" Gaskiyarsa. Ƙarfen rumfa in ya tashi sama, kan mutum zai sauka, ga yara cike da fili. Baba, Allah ya ƙara girma, ya ba ka lafiyar wannan kafaɗa da na ga kana ta murzawa daga baya.

Sai Inna mai kayan lambu da samarinta biyu. Juye akwatunanta ta yi a kan buhu, yaran suka riƙa kwasar sabulu suna zubawa a ciki, suka kai bayan motarsu. Wanda ba ya wannan sana'a ba zai san girman abin da suka yi ba. Sabulun hannu ba a yin sa yau a sayar gobe. In an haɗa mai da soda an zuba a mazubi, sai ya kwana ɗaya ko biyu kafin a yanka, sannan ya yi mako 4 zuwa 6 a kan kanta yana shan iska, ruwan jikinsa na fita, har ya yi tauri. Ruwan sama na 'yan mintoci ya isa ya narkar da fuskarsa, tambarin ya shafe, takardar naɗi ta manne. Aikin fiye da wata guda suka ceta mini. (Masu tambayar me ya sa na hannu ya fi na kanti tsada, ga rabin amsarku nan.)

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, su suka fi ni abin asara. Sabuluna in bai fita yau ba, zai jira mako mai zuwa, ƙara kyau ma yake yi. Ganyen da aka tsinko da asuba kuwa ba ya jiran kowa. Kuma kasuwar tasu ce, mu masu aikin hannu 'yan rakiya ne, guraben da ake ba mu ƙidayayyu ne. Duk da haka nawa kayan suka fara kwashewa, nasu na jiƙewa.

Ina godiya ga shugabar kasuwa da ta zaga rumfa-rumfa cikin ruwa tana duba lafiyar mutane, da baiwar Allahn da ta ɗauki kyandir biyu ana tsaka da rikici, wayarta ta ƙi tura kuɗi, ta dawo bayan ruwa ya ɗauke ta biya ni. Wallahi na ma manta da ita. Ƙanwata kuma, ke kika tsince fasassun kwalabe ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya taka, Allah ya yi miki albarka.

Masu jiran kayansu, ku ƙara haƙuri. Sabulun da ruwa ya taɓa ba zan sayar ba, na ware shi na amfanin gida. Na zuba sabo shekaranjiya, sai ya gama bushewa zan kawo. Kyandir dai akwai, kuma in Allah ya kai mu Asabar ina nan a gurbina, tsakanin mai zuma da mai kayan lambu.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.