Bin Sawun Gidan Romanov: Daga Yekaterinburg Zuwa Saint Petersburg

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Mosko zuwa Yekaterinburg sai ya wuni ya kwana a hanya, don tazarar ta kai kusan kilomita 1,800. Ta taga ba abin da ido ke gani sai daji, bishiyoyi masu farin ɓawo jere da juna, can ba a rasa ba a wuce wani ƙauye na gidajen katako. Da muka tsallake tsaunukan Ural muka sauka, ban ɓata lokaci ba na nufi abin da ya kawo ni, wato wurin da aka ƙarar da gidan sarautar da ya mulki Rasha shekara 304.

Gidan da aka tsare Sarki Nicholas na Biyu da iyalinsa, gidan Ipatiev, babu shi yanzu. A 1977 hukumomin Tarayyar Sobiyat suka sa aka rushe shi, saboda mutane sun fara zuwa suna tsayawa a gabansa, kuma Boris Yeltsin ne shugaban jam'iyya na yankin a lokacin. A filin aka gina wata ƙatuwar majami'a mai ƙubbobi ruwan zinare, aka buɗe ta a 2003. Sama haske ne da ado, amma da ka gangara ƙasa sai rufin ya matso, haske ya ragu. An yi hakan ne don tuna ɗakin ƙasa inda aka tara mutum 11 a daren 16 wayewar 17 ga Yulin 1918: sarkin, matarsa Alexandra, 'ya'yansu mata huɗu, Yarima Alexei mai shekara 13, likitansu Botkin, da barori uku. An tashe su cikin dare da sunan za a kai su wurin da ya fi tsaro. Yakov Yurovsky, shugaban masu gadinsu, shi ne ya jagoranci harbin. 'Yan matan ba su mutu nan take ba, domin duwatsu masu daraja da suka ɗinke a cikin tufafinsu sun tare wasu harsasan, sai da aka ƙarasa su da wuƙar bindiga.

Ina tsaye a wurin na fahimci inda tatsuniyar cewa wani cikin 'ya'yan sarkin ya tsira ta samo asali. 'Yan Bolshebik, masu juyin juya halin da suka karɓe mulki a 1917, sun sanar da kashe sarkin shi kaɗai, suka ce an kai iyalinsa wani amintaccen wuri. Ba gawa, ba kabari, ba sheda. Kwana 8 bayan haka rundunar masu adawa da su ta kama birnin, ta tarar da gida fayau da ramukan harsashi a bango. Wanda duk ya so ya yarda cewa wata gimbiya ta tsira, an bar masa ƙofa a buɗe.

Daga nan na ɗauki hayar mota zuwa Ganina Yama, kimanin kilomita 15 arewa da birnin. Tsohon ramin haƙar ma'adinai ne inda aka fara jefa gawarwakin. Yanzu gidan ibada ne mai majami'un katako 7, kowace da niyyar mutum ɗaya daga iyalin. Motocin masu ziyara cike da fili, mata sun ɗaura kallabi, ana zagaya ramin a kan wata gadar katako. Duk shekara, a daren da abin ya faru, dubban mutane ke takowa da ƙafa daga birni har nan. Wani mai bincike, Nikolai Sokolov, ya yanke cewa a nan aka ƙone gawarwakin ƙurmus, kuma a kan maganarsa cocin Otodoks na Rasha ya daɗe yana tsaye.

Sai dai ba a nan aka samu ƙasusuwan ba. Da na ce wa direba ya kai ni Porosyonkov Log, sai ya waigo ya dube ni, ya ce ba kasafai baƙi ke tambayar wurin ba. 'Yan kilomitoci ne kawai tsakani, a gefen tsohuwar hanyar Koptyaki. Fadama ce mai sauro, ba ƙubba, ba mai gadi, sai gicciye da 'yan katakan layin dogo shimfiɗe a ƙasa. A nan motar da ke ɗauke da gawarwakin ta kafe cikin taɓo bayan an fito da su daga ramin farko. Sai makasan suka haƙa rami a tsakiyar hanyar, suka zuba musu ruwan asid, suka rufe, suka jera katakai a kai kamar an gyara hanya ne. A 1979 Alexander Avdonin da Geli Ryabov suka gano wurin a ɓoye, suka yi gum da bakinsu don tsoron hukuma. Sai a 1991 aka tona a hukumance, aka fito da ƙasusuwan mutum 9. Gwajin ƙwayoyin halitta ya haɗa su da jinin Yarima Philip na Ingila, wanda kakarsa 'yar'uwar Alexandra ce uwa ɗaya uba ɗaya. Amma tara ba sha ɗaya ba ne. Babu Alexei, babu ɗaya daga cikin 'yan matan, sai masu jita-jita suka sake samun abin faɗa. A 2007 ne aka gano ragowar biyun, ƙonannu, kimanin mita 70 daga kabarin farko. Na taka tazarar da ƙafata, ko minti biyu ban yi ba. A ganina, da a ce ana auna ziyara da inda gaskiya take, da nan ne motocin za su cika.

Mutane da dama sun fito sun ce su ne Alexei ko ɗaya daga gimbiyoyin, amma ba wanda ya kai Anna Anderson. A 1920 aka tsamo ta daga wani magudanar ruwa a Berlin, aka kwantar da ita a asibitin masu taɓin hankali, daga baya ta ce ita ce Anastasia, ƙaramar cikin 'ya'yan sarkin mata. Ƙanwar sarkin, Olga, ta je ta gan ta a 1925 ta ce ba ita ba ce. Duk da haka wasu na kusa da gidan suka rantse ita ce, aka yi ta shari'a a kotunan Jamus daga 1938 har 1970 ba tare da ta iya kafa hujja ba. Ta rasu a Amurka a 1984. Bayan shekara 10 aka gwada wani yanki na hanjinta da wani asibiti ya adana, ya nuna ba ta da alaƙa da Romanov, jininta na dangin Franziska Schanzkowska ne, wata ma'aikaciyar masana'anta 'yar asalin Poland. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan sai da aka haura shekara 70 ana tafiya a cikinsa. Irin wannan ba baƙo ba ne a Rasha ma. Tun 1605 wani ya hau karaga da sunan shi ne Dmitry ɗan Sarki Ivan, a 1773 kuma Pugachev ya tada ƙayar baya yana cewa shi ne Sarki Peter na Uku.

Zangona na ƙarshe Saint Petersburg ne, majami'ar Peter da Paul da ke cikin ganuwa a bakin kogin Neva, inda kusan duk sarakunan gidan tun daga Peter Mai Girma suke kwance. A wani ɗan ɗaki na gefe aka binne ƙasusuwan nan tara ranar 17 ga Yulin 1998, barori tare da iyayen gidansu. Yeltsin, wanda ya rushe gidan, ya halarta a matsayin shugaban ƙasa, amma shugaban cocin bai zo ba, don cocin bai gamsu da gwajin ba. Igiya aka gitta a ƙofa, daga nan ake leƙawa. A babban zauren kuwa akwai kabarin mahaifiyar sarkin, Maria Feodorovna, wadda jirgin ruwan yaƙin Ingila ya fitar daga Kirimiya a 1919. Ta rasu a Denmark a 1928 ba ta taɓa yarda an kashe ɗanta ba, aka dawo da gawarta nan a 2006.

Waɗanda suka tsira da gaske ba su samu rabin hayaniyar da Anderson ta samu ba. Olga ta yi noma a Denmark da Kanada, tana sayar da zane-zanenta, ta rasu a 1960 a wani ɗaki da ke saman shago a Toronto. Zuriyar gidan na nan warwatse a Turai da Amurka, kuma har gobe ba su daidaita kan wanda ke shugabancinsu ba. Maria Vladimirovna ta ce ita ce, wasu dangin sun ce a'a. Ɗanta George ya yi aure a wannan birnin a 2021, a majami'ar Saint Isaac da ake hangowa daga tsallaken kogin.