Ranar da Ruwa Ya Koma Hanyarsa

Laraba, da dare.

Na yi wanka sau biyu, amma har yanzu warin yana hancina. Kwana huɗu ke nan muna kan babban bututun ƙazanta da ya rufta a ƙarƙashin titi, sai yau Allah Ya nufa muka haɗa shi.

Da asuba na karɓi aiki, na fara zagaya injinan janye ruwa, don su ne suka riƙe garin tun ranar Lahadi. An toshe bututun daga ramin dubawa, wato ramin da ake sauka a duba bututu, na ɓangaren da ruwan ke fitowa, ana zuƙo ruwan ta manyan tiyo a kan kwalta, ana juye shi a ramin da ke gaba da karayar. Ba wanda zai daina wanka ko shiga banɗaki don bututu ya fashe. In injinan suka tsaya, ruwan baya zai koma, ya ɓullo a gidajen da ke gangare, daga nan kuma sai fargabar kwalara.

Wajen ƙarfe 9 katafila ta ɗago guntun tsohon bututun. Na daɗe tsugune ina kallonsa. Ƙasansa, inda ruwa ke bi, lafiya lau yake. Samansa kuwa ya koma kamar jiƙaƙƙen alli, da yatsa nake marmasa kankaren, rodin ciki duk tsatsa. Ashe daga ciki aka cinye shi. Ƙazanta in ta jima ba iska, takan fitar da gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidirojin salfaid. Gas ɗin ya taru a rufin bututu mai danshi, ƙwayoyin bakteriya su mayar da shi asid, asid ɗin ya yi ta cin siminti shekara da shekaru. Da rufin ya huje, ƙasa ta riƙa zurarewa ciki ruwa na kwashe ta, har kogo ya buɗe a ƙarƙashin kwalta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da ana zura kyamara ciki a kai a kai, da an ga ɓarakar tun tana ƙarama.

Da rana wani yaro sabon ɗauka ya kama tsani zai sauka ramin dubawa.

"Oga, ai warin ya tafi," in ji shi.

Na riƙo rigarsa. Na ce, "Ƙanena, tsaya. Gas ɗin nan in ya yi yawa, hancinka yake fara kashewa, ka daina jin komai." Muka zura na'urar gwaji, nan take ta fara ƙara. Sai da muka hura iska da fanka, na'urar ta yi shiru, iskar oksijin da ake shaƙa ta haura kashi 19.5 cikin 100, wato mafi ƙarancin da ake buƙata, sannan na bar shi ya sauka da igiya a jikinsa. Hannuna bai daina rawa ba sai can da jimawa.

Sauran aikin haƙuri ne. Muka ƙara tokare bangon ramin, muka shimfiɗa tsakuwa, muka sauke sabbin bututu ɗaya bayan ɗaya, injiniya na auna gangaren kowanne, tunda gangaren nan ne kaɗai ke tafiyar da ruwan.

Ƙarfe 6 da rabi muka fara sassauta toshiyar a hankali. Na kwanta rub da ciki a bakin ramin gaba da tocila. Da farko ɗan zirin ruwa ya zo, baƙi ƙirin, sannan ya kumbura ya kama gudu, ba ɗigo ko ɗaya a mahaɗa. Aka kashe injinan ɗaya bayan ɗaya, titin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa daga ƙasa.

Gobe cike rami da daɓe.