Agogon da Ke Juyawa Hagu a Birnin Prag

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke ni a tashar Staroměstská da hantsi, farkon Disamba, sanyi na cin yatsu. Tafiyar minti biyar a titin Maiselova ta kai ni tsohuwar unguwar Yahudawan Prag, babban birnin ƙasar Czech, unguwar da ake kira Josefov. Mai niyyar zuwa ya kauce wa Asabar da ranakun idinsu, domin zai tarar da maƙabarta da gidajen tarihin a rufe.

A jikin tsohon zauren majalisar unguwar akwai agogo biyu. Na sama irin wanda kowa ya sani ne. Na ƙasa, da aka kafa a 1764, haruffan Ibrananci ne a madadin lambobi, hannayensa kuma hagu suke juyawa, yadda rubutunsu ke tafiya daga dama. Wanda ya yi karatun allo ba zai sha wuya ba, domin tsarin abajada ne: alef 1, bet 2, gimel 3, dalet 4, har yod 10. Sai dai lokacin gari kawai agogon ke nunawa. Lokacin ibada daban yake: ana raba wuni kashi 12, ko ya yi tsawo ko ya gajarta. A wannan watan wunin Prag kaɗan ya ɗara awa 8, sa'ar ibada ta zama kamar minti 40, alhali a Yuni tana kai minti 80. Wanda ya dogara da agogon bango kaɗai zai makara.

Na fi daɗewa a maƙabartar da ke kusa, mai duwatsun kabari wajen 12,000 cunkushe da juna, mafi tsufa na 1439. Shekarun da ke jikinsu da haruffa aka sassaƙa, kamar ramzin da malamanmu ke rufe waƙoƙin ajami da shi, kuma galibi ba a rubuta dubbai. Hanyar warwarewa ita ce a tara ƙimar haruffan, a ƙara 1240. Babban malaminsu Yehuda Loew ya rasu a shekarar da ake rubutawa shin, samek, tet, wato 300 da 60 da 9. Jimla 369, a ƙara 1240, ga 1609. Inda ake tuntuɓe shi ne shekararsu tana kamawa a watan Tishri, wajen Satumba ko Oktoba. Wanda ya rasu tsakanin Tishri da ƙarshen Disamba, 1239 za a ƙara masa, in ba haka ba an tura mutuwarsa gaba da shekara guda.

Nan ne kabarin David Gans yake, da siffar tsuntsun dinya a dutsen, domin ma'anar sunansa ke nan da Jamusanci. Ya rasu a 1613. Masanin taurari ne da ya ziyarci shahararren masanin taurari Tycho Brahe a wurin duban taurarinsa, ya kuma san takwaransa Kepler. A zamaninsa Yahudawa sun daɗe da barin duban jinjirin wata, sun koma lissafi zalla. Wata a wurinsu kwana 29 ne da awa 12 da ɓangare 793, awa kuwa ɓangare 1080 ce. Shekarar Hijira tana zagaya damina da rani, tasu kuwa an ɗaure ta da rana: cikin kowace shekara 19 ana ƙara wata guda sau 7, a shekara ta 3, 6, 8, 11, 14, 17 da 19, don kada idin Pesah ya fita daga bazarar can. Sannan ga ƙa'idojin ɗagawa. Sabuwar shekara ba ta kamawa Lahadi, Laraba ko Juma'a, musamman don kada azumin Yom Kippur ya manne da Asabar, a yi kwana biyu a jere ba girki ba binne gawa. In haihuwar wata ta faɗo da tsakar rana ko bayanta, a ɗaga zuwa gobe. Shi ya sa shekara ke zuwa da tsawo iri shida: 353, 354, 355, 383, 384 ko 385.

Duk wannan da hannu ake yi. A ƙarni na 16 zuwa na 18 Yahudawan ƙasashen Jamus sun riƙa kwafar littattafan lissafi da suke kira evronot, masu jadawali da faya-fayan takarda da ake juyawa. Kuskuren harafi ɗaya wajen kwafa ya isa ya gusar da idi. Abin da ya fi burge ni, a cikinsu har da ranakun waliyyan Kirista, domin da su ake sa ranar manyan kasuwanni da biyan bashi. Da Paparoma Gregory na 13 ya zubar da kwana 10 daga kalandar Kirista a 1582, Bohimiya, ƙasar da Prag take, ta bi a 1584, yankunan Furotesta na Jamus kuwa sai 1700. Fiye da shekara ɗari, ɗan kasuwar da ya tashi daga Prag zuwa kasuwar Leipzig, a yankin Furotesta, yana riƙe da kwanan wata uku a kansa: na Yahudawa, da sabo da tsohon na Kirista.

Wannan gyara bai taɓa tsohon lissafinsu na rana ba, mai kwana 365 da rubu'i, wanda ke zamewa kwana guda duk shekara 128. Shi ya sa roƙon ruwan sama, da tsofaffin littattafai suka ajiye a 22 ga Nuwamba, yanzu ake fara shi da daren 4 ko 5 ga Disamba. A makon na iso. Ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, a lissafinsu gobe ta riga ta shiga, ni kuwa na ja hulata na nufi tasha.