Intalok a Gefen Titi: Aikin da Mai Tafiya a Ƙafa Ke Takawa

Sana'armu buga intalok ce da shimfiɗa shi, haɗe da dutsen gefe da murafen kwata. Yawancin masu zuwa wajenmu a Kano tsakar gida suke so a gyara musu, ko harabar masallaci, ko gidan mai. Amma aikin da muka fi alfahari da shi, wanda kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a garin nan, shi ne hanyar masu tafiya a ƙafa da wurin jiran mota.

Duk wanda ka gani a cikin bas ko A Daidaita Sahu, da ƙafa ya fito daga gida, da ƙafa kuma zai ƙarasa inda za shi. Masu tsara birane kan ɗauki mita 400, wato tafiyar kamar minti biyar, a matsayin nisan da mutum zai taka zuwa tasha ba tare da ƙorafi ba. To idan mita 400 ɗin nan kwata ce a buɗe, ga tulin yashin mai gini, ga motoci an jera a gefen titi, mutum bai da zaɓi sai ya sauka kan kwalta yana kasa kunne ko wani abu na tahowa ta bayansa. Irin wannan mutum da ya samu 'yan kuɗi babur zai saya, in hali ya ƙaru ya sayi mota, cunkoso ya daɗu. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 A Daidaita Sahu ya cika gari, an yi gadoji a Ƙofar Nasarawa da Dangi da Sabon Gari da Hotoro, duk don abin hawa ya wuce. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama suka ajiye motocinsu suka koma haya da sayyada, a nan ne kowa ya ga yadda gefen titunanmu suke. A Bogota ta ƙasar Kolombiya, kafin a buɗe layin manyan bas-bas na TransMilenio a shekarar 2000, magajin garin na lokacin, Enrique Peñalosa, sai da ya yi rigima da masu ajiye motoci a kan hanyar ƙafa, ya sa aka kakkafa turaku. Ya san bas ba ta cika sai fasinja ya samu hanyar isowa gare ta.

Mu dai namu ɓangaren shi ne dutsen da za a taka, kuma daga kwaɓi ake fara gane mai sana'a.

Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon gini biyu. A kan buhu ɗaya muna zuba kwano huɗu na yashi mai kaifi ko garin dutse, da kwano shida na ƙananan tsakuwa 'yar milimita 10. Ruwa lita 20 zuwa 22, bai kai jarka guda ba. Leburori sun fi son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya fi saurin shiga mazubi, shi ya sa ba ma barin yaro ya riƙe tiyo a wajen kwaɓi. Ruwan da ya yi yawa yana bushewa ya bar ƙananan ramuka a cikin dutsen, ƙarfinsa ya tafi. Da wannan awon, idan ana buga ɗan murabba'i mai tsawon santimita 20, faɗi 10, kauri 6, buhu ɗaya yana ba da guda 110 zuwa 115. Guda 50 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, ka ga buhu bai wuce mita biyu da ɗoriya ba. Akwai masu fitar da sama da 200 daga buhun nan guda. Su ne za su karya maka farashi, su ne kuma mai aiki zai zo ya ce mana, "Ai can an yi min ƙasa da haka." Gaskiya ne an yi masa. Araha ba ta ado, damina biyu za ta nuna.

Ana zuba kwaɓin a mazubin roba, a ɗora kan teburin girgiza minti ɗaya zuwa biyu har kumfar iska ta daina tasowa. In an gaza, fuskar dutsen za ta fito da huji-huji. In an zarce, tsakuwa ta nutse wuri guda, ruwan siminti ya taru wuri guda. Sai ya kwana a inuwa kafin a cire. Daga nan sai shayarwa, safe da yamma, aƙalla kwana bakwai, kuma lokacin hunturu dole a lulluɓe da buhunan algarara ko leda, don iskar nan tana shanye ruwan kafin simintin ya gama kamawa. Kankare ba ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi sai kwana 28. Mu ba ma loda dutse a mota kafin ya yi mako uku, ko da mai aiki zai yi fushi. Wanda ya buga jiya ya kai maka jibi, ɗanyen dutse ya sayar maka.

Kana iya gwadawa da kanka. Ɗauki guda biyu ka gwara su: mai kyau ƙara yake yi tas, marar kyau sai ka ji dum. Ka kankari gefensa da ƙusa, in yana zubar da gari ka ajiye musu kayansu. Ka sa a fasa ɗaya ka duba cikinsa, don wasu saman kawai suke yi wa kwalliya da launi, ciki kuwa yashi ne zalla.

Yashin ma nasa ciwon kan daban. Ka yi ciniki da mai tifa a kan yashin rafi mai kaifi, tifar farko ta zo lafiya, ta biyu a cakuɗa maka da mai laka. Shi ya sa kafin a juye muke ɗiba a kwalba, mu zuba ruwa mu girgiza, mu bar shi ya kwanta. Lakar takan zauna a sama ta yi layi. In layin ya yi kauri, tifar ta koma inda ta fito, duk magiyar da direba zai yi.

Sai dai dutse ko ya kai ƙarfe ƙarfi, abin da ke ƙarƙashinsa ne ke riƙe shi. Tsofaffin da muka koyi aikin a hannunsu sukan kwashe kwanaki suna fama da ƙasa kafin su yarda a sauke dutse ko ɗaya, mu ma a kan haka muke. Ana kwashe ƙasar sama duka, da shara da saiwoyi, har a tarar da mai tauri. A zuba burji santimita 15, amma kashi biyu, kowane kashi a yayyafa masa ruwa a bi shi da injin daɓe har sai takalmi ya daina barin sawu. Sannan a kafa dutsen gefe a kan kankare, a tokare shi ta baya da wani kankaren. Masu arha nan suke fara tsallakewa, su jingina dutsen gefe a kan ƙasa kawai. Da ya kwanta sai intalok ya fara buɗewa daga baki, yara su ɗebe, shi ke nan. Bayan haka yashin shimfiɗa santimita 3 zuwa 4, a share shi da katako a kan bututu biyu, kada kowa ya taka. Kada a yi amfani da yashi a cike ramin da burji ya bari, wurin zai lotsa. Karkata kuwa santimita 2 a kowace mita, ta nufi kwata, muna fitar da ita da igiya da tiyon ruwa. A jera dutse da tazarar kamar milimita 3, a bi da injin daɓe, a share busasshen yashi mai laushi cikin tsagogin, a sake bi. Yashin tsagogin nan shi ke ɗaure dutse da ɗan'uwansa.

Kaurin santimita 6 na ƙafa ne. Duk inda mota za ta tsallaka, kamar ƙofar gida ko ta shago, sai mai 8, kuma a jera shi saƙar ƙashin kifi don kada taya ta ture shi.

Faɗi shi ne inda muka fi jayayya da masu ba da aiki. Hanyar da ba ta kai mita 1.8 ba, keken guragu biyu ba za su gifta juna ba, mai goyo riƙe da hannun yaro ma sai ta sauka ta ba mai baro hanya. Kuma mita 1.8 ɗin fili muke nufi, babu turken lantarki a tsakiya, babu allon talla. Inda muka san 'yan tebur za su zauna, kamar kusa da kasuwa, mukan ba da shawarar a ƙara musu mita ɗaya tun farko a sa mata wani launi, don korarsu ba ta ɗorewa, kuma da dare fitilar mai shayi da mai tsire ce ke sa mutum ya bi wurin hankali kwance. Dutsen gefe ya tashi santimita 15 daga kwalta. A kowace mahaɗa a yi gangara mai sauƙi, tsawon mita 1.8 ga wannan tashin, don keken guragu da kurar ɗan garuwa. Amma da ka yi gangara A Daidaita Sahu zai hau, saboda haka muna kafa turakun kankare da tazarar mita 1.1 zuwa 1.2: keken guragu ya wuce, shi kuwa A Daidaita Sahu da faɗinsa ya kai kusan mita 1.3 ya tsaya. Babur kam babu turken da ke hana shi.

Wurin jiran mota yana son daɓe mai zurfin mita 2.5 aƙalla, rumfa ta koma baya don masu wucewa su bi ta gabanta. Inda bas ke taka birki ta tsaya mun fi son zubin kankare da rodi, saboda nauyi da ɗigar man gas suna cin shimfiɗa. Inuwa kuwa wajibi ce a garin da zafi ke haura 40 a watan Afrilu. Darbejiya tana da inuwa, amma saiwarta na ɗaga dutse, don haka a bar mata rami mita ɗaya ta kowane gefe, kada a shaƙe ta da intalok har wuya kamar yadda ake yi.

Murfin kwata na kankare muke yi, kauri santimita 10, rodi mai milimita 12 a saƙa shi da tazarar santimita 15, da hujin ɗagawa biyu don a iya yashe kwatar kafin ruwan Agusta. Na ƙarfe ba ya kwana biyu 'yan jari-bola sun san da shi. Murfi ɗaya da ya karye ya isa ya mayar da makaho da tsohuwa kan kwalta, kuma mun sha fasa na wasu mu tarar da waya a madadin rodi.

Lungunan cikin Badala nasu tsarin daban ne. Unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, don ƙafa da jaki aka yi su. Masallaci da makarantar allo da mai kayan miya duk suna kusa. A nan ruwa tsakiya muke karkatar da shi, nesa da katangun ƙasa, kuma sai mun auna dokin ƙofar kowane gida kafin mu fara. Wanda ya zuba burji a kan tsohuwar ƙasa bai haƙa ba, ya ɗaga lungu sama da zaure, ruwan farko a ɗakin mutane zai kwana.

Ƙungiyoyin unguwa da kwamitocin masallatai da masu makarantu sukan haɗa kuɗi su kira mu. Muna zuwa mu auna, mu duba inda ruwa ke bi, mu rubuta adadin dutse da burji da siminti a takarda, kowa ya gani. In kuɗin bai kai ba, shawararmu a rage tsawo a yi mita 100 mai kyau bana, a ƙara baɗi, amma ba ma rage siminti. Wanda ke son a gama masa kafin damina ya yi magana tun watan Fabrairu, saboda makonni ukun da dutse zai yi a ajiye suna cikin lissafi.