Godiya ga Duk Waɗanda Suka Halarci Bitar Ƙwayoyin Gadon PLD da Juriyar Amfanin Gona

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Allah ya nufa mun kammala bitar da muka shirya a nan cikin birnin Kano kan iyalin ƙwayoyin gadon da ake kira PLD (gajartar phospholipase D), da rawar da suke takawa idan fari, gishiri ko zafi suka matsa wa shuka. Mu masu shirya taron muna miƙa godiya ga kowa.

Godiya ta farko ga iyayenmu malamai da suka buɗe karatun. Sun nuna cewa kowace ƙwayar halitta ta shuka tana lulluɓe da siririyar fata ta maiƙo. Ƙwayoyin gadon PLD su ke samar da inzayim, wato furotin mai hanzarta aiki a cikin ƙwaya, wanda shi ma ake kira PLD, da ke yanke kan wannan maiƙon, sai a sami sinadarin fosfatidik asid, wato PA, wanda ke aikin ɗan aike a cikin ƙwayar. Ƙaramar ciyawar nan ta gwaji, Arabidopsis, tana da ƙwayoyin gadon PLD 12, shinkafa kuma 17, kuma a jikin zurma aka fara ware ƙwayar gadon PLD ta tsirrai a 1994. Idan ƙasa ta bushe, sinadarin ABA, mai isar da saƙon ƙishi a jikin shuka, yakan ƙaru, PLD alfa 1, ɗaya daga cikin 'yan iyalin, ta samar da PA, shi kuma PA ya riƙe furotin ABI1 da ke dakushe saƙon ABA, sai ƙofofin numfashin ganye su rufe, ruwa ya rage fita. Idan gishiri ne, PA yana tayar da furotin MPK6, wanda ke ƙarfafa furotin SOS1 ya fitar da sodiyam ɗin gishiri daga cikin ƙwaya. Idan kuma fosfaras ya yi ƙaranci, rukunin PLD zeta ke farfasa maiƙon fatar domin shuka ta ci moriyar fosfaras ɗin da ke ciki. Allah ya ƙara wa malamai lafiya da nisan kwana.

Muna godiya ta musamman ga malaman gona da manoman da suka zo daga yankin Kura da Bunkure, domin tambayarsu ce ta kai mu ga gaɓar da ta fi muhimmanci. Sun ce tunda haka ne, me zai hana a ƙara wa iri ƙarfin PLD kowa ya huta? Amsar ita ce abin bai zo da sauƙi haka ba. Inzayim ɗin da ke aika saƙon ceto shi ne dai ke cin fatar ƙwaya idan aikinsa ya daɗe. A gwajin da aka yi da taba, shukar da aka ƙara wa PLD alfa 1 ta yi saurin rufe ƙofofinta a farkon fari, amma da farin ya yi tsawo sai fatar ƙwayoyinta ta fi ta sauran lalacewa. A wake ma, wanda shi ne namu, binciken 1999 ya nuna irin da ba ya jure fari shi ne aikin PLD ya fi hauhawa a jikinsa. Don haka yawan PLD kaɗai ba shaidar juriya ba ne. Sai an san wane ɗan iyalin ne ya tashi, a saiwa ko a ganye, kuma na tsawon wane lokaci. A ganinmu duk mai zaɓen iri da ya tsallake wannan zai yi asarar damina a banza.

Ga ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, ba mu da bakin gode muku. Ku kuka tsaya kan ɗalibai har suka gane cewa tsinke ganye kansa rauni ne, kuma rauni yana tayar da PLD cikin 'yan mintuna. Shi ya sa ake jefa ganyen nan take cikin ruwan sinadarin isofurofanol mai zafin digiri 75 domin ya tsayar da aikin PLD, da ɗigon BHT mai hana maiƙo lalacewa kashi 0.01 cikin ɗari, ya yi minti 15 kafin a ci gaba da tatsar maiƙo. Wanda ya ajiye ganye a kan tebur ya tafi neman kwalba, PA ɗin da zai auna na hannunsa ne, ba na fari ba. Kun kuma nuna yadda ake tantance cewa daga PLD saƙon ya fito: a sa sinadarin butanol na ɗaya, wanda ke karkatar da inzayim ɗin ya rage samar da PA, a ajiye wani rukuni da butanol na biyu domin kwatance, tunda shi ba ya karkatar da shi. Samfurin RNA, sinadarin da ke ɗauke da saƙon ƙwayoyin gado, kuwa sai ruwan naitirojin da firji mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Idan ya narke ko sau ɗaya, a sake ɗiba. Ga waɗanda suka kwana suna kula da janareto saboda wannan, Allah ya saka da alheri.

Ɗalibai maza da mata da suka riƙe tukwanen gwaji, sannunku da ƙoƙari. Ku riƙe abin da aka nanata: a auna nauyin kowace tukunya kullum a lokaci ɗaya, domin tukunyar da ke bakin rumfa ta fi ta tsakiya saurin bushewa, musamman da iskar hunturu. Gishiri kuma kada a zuba milimola 150 (ma'aunin yawan gishiri a cikin ruwa) lokaci guda. A hau da shi 50, 100, sannan 150, in ba haka ba firgitar saiwa za a auna. Ɗibar ganye ta kasance da safe, daga ganyen da tsufansa ya zo daidai a kowace shuka.

Ba mu manta da iyayenmu mata da suka kula da abinci ba, da direbobi da masu share zaure. Masu son takardun matakan tatsar maiƙo da jadawalin auna tukwane su tuntuɓi wakilin rukuninsu. Allah ya maida kowa gidansa lafiya, ya ba mu damina mai albarka.